Hilda Lloyd: 'Yar Balsall Heath Da Ta Kai Asibiti Har Ɗakin Mai Naƙuda

A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in kawo muku tarihin wata Baturiya likita mai suna Hilda Lloyd, wadda ta rasu tun 1982. Dalilaina biyu ne. Na farko, 'yar unguwa ce: a Balsall Heath aka haife ta, inda da yawa daga cikinmu mazauna Birmingham muke zaune ko muke zuwa cefane. Na biyu, abin da ta ƙarar da rayuwarta tana yaƙa, wato mutuwar mata wajen haihuwa, shi ne har yau yake ci mana tuwo a ƙwarya a gida. Da wuya shekara ta zagayo ba mu yi wa wani ɗan ƙungiya ta'aziyyar matarsa ko ƙanwarsa da ta tafi a kan gwiwa ba.

An haife ta ranar 11 ga Agusta, 1891, a shekarar da aka shigar da Balsall Heath cikin birnin Birmingham. Sunanta na yanka Hilda Nora Shufflebotham, mahaifinta kuwa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta King Edward VI, daga nan ta shiga Jami'ar Birmingham, ta sami digirin kimiyya a 1914, ta kuma fito a likita a 1916. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana tsakiyar ci, an kwashi likitoci maza an kai fagen daga, sai ƙofofin da a da ake rufe wa mata suka ɗan buɗe. Hilda ta ɗan taɓa aiki a Landan, sannan ta dawo garinsu. A 1920 ta ci jarrabawar ƙwarewa ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila, a zamanin da ake ƙirga mata masu wannan shaida da yatsun hannu. Daga nan ta duƙufa aiki a asibitin haihuwa da asibitin mata na Birmingham. Sunan Lloyd da aka san ta da shi na mijinta ne, Bertram Lloyd, wani likita da ta aura a 1930.

Wanda ya ga Ingila ta yau zai yi wuya ya yarda da halin da mai ciki take ciki a wancan lokaci. A farkon shekarun 1930, cikin kowace haihuwa 1,000 a Ingila da Wales, uwaye huɗu ko fiye ne suke rasuwa. Yawancin mata a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma ko likitan unguwa. Talakawan Birmingham kuwa suna cunkushe a ƙananan gidaje masu jingine da juna baya da baya, gidaje da yawa suna tarayya a famfo ɗaya da banɗaki ɗaya a tsakar gida. Hukumar lafiya ta NHS da muke zuwa kyauta yau ba ta zo ba sai 1948, saboda haka kiran likita kuɗi ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi yakan yi ta jinkiri har sai abu ya ɓaci. Abubuwan da suke kashe matan su ne dai waɗanda muka sani a gida: zazzaɓin bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, zubar jini, da ɓarnar da masu zubar da ciki a ɓoye suke yi.

Cikin waɗannan duka, zubar jini ya fi gaggawa. Idan ciki ya tsufa, jinin da yake bi ta mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Da jariri ya faɗo, mabiyiya ta biyo, sai mahaifa ta tsuke ta matse jijiyoyin, jini ya tsaya. In ta ƙi tsukewa, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, to jinin zai ci gaba da kwarara, kuma mace mai ƙoshin lafiya tana iya cikawa cikin sa'o'i biyu idan ba a kai mata ɗauki ba. Likitocin wancan zamani sun lura da wani abu kuma: matar da jini ya riga ya ƙare mata, in aka ɗauke ta aka sa a mota ana jijjiga ta a hanya, sau da yawa gawarta ce take isa asibiti.

A nan ne Hilda ta yi aikin da ya sa ake tunawa da ita. A 1936 ta kafa wa Birmingham ayarin kai ɗauki na gaggawa, wanda Turawa suka laƙaba wa suna mai ma'anar runduna mai tashi sama, saboda saurinsa. Kafin nan an gwada irinsa a Bellshill ta ƙasar Sikotilan da kuma Newcastle, ita kuma ta ɗauko dabarar ta dasa ta a babban birni mai cike da masana'antu da talakawa. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Idan ungozoma ko likitan unguwa ya ga haihuwa ta zo da gardama, sai ya aika asibiti. Nan take ƙwararren likitan haihuwa da ma'aikaciyar jinya su faɗa mota da kayan aikinsu a shirye, har da kayan ƙarin jini, su nufi gidan, ko da tsakar dare ne. A kan gadon matar za a tsayar da jinin, a ciro mabiyiyar da ta maƙale, a ƙara mata jini. Sai ta farfaɗo sannan a duba ko akwai buƙatar ɗaukar ta zuwa asibiti. Matan da suka galabaita a hannun masu zubar da ciki su ma ayarin yakan je musu, ya ceci ransu.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne yadda ta dubi matsalar. Ta san ba za ta iya gina wa kowace unguwa asibiti ba, ba kuma za ta iya hana mata haihuwa a ɗakunansu ba. Sai ta auna ratar da ke tsakanin mai naƙuda da mai magani, ta nemi hanyar taƙaita ta da abin da yake hannunta a lokacin: mota, waya da ma'aikata masu kwana cikin shiri.

Gaskiya ne cewa ayarin ya zo a kan gaɓa. A 1935 aka gano maganin ergometrine mai sa mahaifa ta tsuke. A 1936 Leonard Colebrook ya nuna a asibitin Queen Charlotte da ke Landan cewa maganin Prontosil yana warkar da zazzaɓin bayan haihuwa, kuma a shekarar ce aka yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da ungozomomi masu albashi. Bayan haka ajiyar jini ta inganta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ga kuma penisilin. Waɗannan duka suka haɗu, mutuwar uwaye ta yi ƙasa sosai, har ya zuwa farkon shekarun 1950 ta koma ƙasa da uwa ɗaya cikin haihuwa 1,000. Amma magani komai kyansa, sai ya isa jikin marar lafiya a kan lokaci yake amfani, kuma wannan ɓangaren ne Hilda ta riƙe.

A jami'a ma ta yi ta hawa. Ta zama malama a 1934, ta zama farfesa a 1944, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Jami'ar Birmingham, sannan a 1946 aka ba ta shugabancin sashen haihuwa da cututtukan mata. Da yake ƙungiyar manyan likitocin mata ta lokacin ba ta karɓar mata, tana cikin waɗanda suka kafa wa mata likitoci tasu, suna ziyartar asibitocin juna suna ƙaruwa. Mijinta Bertram ya rasu a 1948. A 1949 aka zaɓe ta shugabar Kwalejin Likitocin Haihuwa da Cututtukan Mata ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1929. 'Yan'uwanmu na Manchester za su so su ji cewa ɗaya daga cikin mutum biyun da suka assasa kwalejin, William Fletcher Shaw, likitan garinsu ne. Hilda ce mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan kwalejojin likitanci na ƙasar. An ba ta lambar girma ta Dame a 1951, ta sauka daga shugabanci a 1952, kuma ba a sake zaɓen wata mace a kujerar ba sai Lesley Regan a 2016. Ta rasu ranar 18 ga Yuli, 1982, tana da shekara 90.

A shekarar da ta sauka, 1952, Ingila da Wales suka fara wani tsari da yake nan har yau: duk uwar da ta rasu a dalilin ciki ko haihuwa, sai an bi diddigin abin da ya faru a asirce, domin a gano inda aka yi sake a gyara. Rahotannin wannan bincike na shekarun nan sun nuna cewa a Birtaniya haɗarin mutuwar baƙar mace wajen ciki da haihuwa ya ninka na farar mace fiye da sau biyu. Saboda haka matanmu na nan kada su yi wasa da awo. Wadda Turancinta bai nuna ba tana da damar neman tafinta, kuma wadda ta ji wani abu a jikinta ta faɗa, ta maimaita, har sai an duba ta.

A gida kuwa lamarin ya fi haka nauyi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na uwayen da suke mutuwa a duniya saboda ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka buga sakamakon a 1985 a mujallar kwalejin nan da Hilda ta taɓa shugabanta. Abin da ya gano shi ne, yawancin waɗanda suka rasu mata ne da ba su yi awo ba, aka kawo su bayan sun daɗe suna wahala a gida. Kowa a cikinmu ya san yadda wannan jinkiri yake faruwa. Mai haihuwar fari tana kunya ta ɓoye naƙuda. Maigida ya yi tafiya, ba wanda zai ba da izinin fita. In an sami izini babu mota, in an sami mota an isa asibiti, sai a ce a nemo jini.

Zumuncin Birmingham da ƙasar Hausa a wannan fage bai yanke ba. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta jagoranta, da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano cikin manyan masu binciken. An yi shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da take tara jinin, don a daina kintace da ido. Da ya kai rabin lita, sai a haɗa mata dukkan matakan ceto a lokaci guda: murza mahaifa, alluran tsayar da jini da ƙarin ruwa. Zubar jini mai tsanani da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Darasin dai shi ne na Hilda, a gano da wuri, a kai ɗauki da wuri.

To, mu me ya rage mana? Ƙungiyarmu ba ta da ƙarfin gina asibiti, amma tana da ƙarfin rage wancan jinkiri. A wasu jihohin Arewa an riga an yi tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW suke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti a kowane lokaci aka kira su. Ina ba da shawara a taronmu na gaba mu ware wani kaso daga kuɗin wata-wata don man mota da ladan direbobi biyu ko uku a garinmu, a raba lambobinsu ga ungozomomi da masu unguwanni. Reshen gida kuma ya tattara sunayen matasan da suka san rukunin jininsu kuma suka yarda a kira su. Magidanta, musamman mu da muke nesa da iyali, kowa ya bar izini a fili tun ciki yana ƙarami, cewa in naƙuda ta zo ko aka ga jini, a wuce asibiti ba sai an jira wayarsa ba. Limamanmu su taimaka da tunatarwa a kan wannan.

Hausawa sun ce haihuwa yaƙin mata ce, kuma ba a barin mayaƙi shi kaɗai a fage. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya jiƙan iyayenmu da 'yan'uwanmu mata da suka riga mu gidan gaskiya a wannan hanya. Amin.