TARIHIN HAJIYA GAMBO SAWABA, MATAR DA TA SHA ƊAURI DON IYAYENMU SU YI ZAƁE



Duk ranar zaɓe a nan Dutsi mukan ga iyayenmu mata sun yi dogon layi da katinsu a hannu, har wani lokaci layinsu ya fi na maza tsawo. Da yawanmu mun ɗauka haka abin yake tun asali. Ashe ba haka ba ne. Shi ya sa a wannan makon ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kawo muku tarihin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

An haife ta a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, ana ce mata Gambo ne saboda tagwaye ta bi. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya yi aiki a hukumar jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuma Banufiya ce. Ta fara firamare a Tudun Wadan Zariya, amma mahaifinta ya rasu tana da shekara 10, ba a jima ba mahaifiyarta ma ta rasu. Daga nan karatu ya tsaya. An yi mata aure tana da shekara 13, wato sa'ar wasunmu da ke wannan makaranta.

A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, mai neman 'yancin talakawa. Kalmar Sawaba taken jam'iyyar ce, ita ce kuma ta zame mata suna. Ta shiga NEPU tana da shekara 17, aka zaɓe ta shugabar mata a reshen Sabon Garin Zariya. Har Abekuta ta je wajen Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda ake haɗa kan mata. Da ta dawo sai ta riƙa shiga gida-gida tana wayar da kan matan kulle, tunda maza ba su da ikon shiga. Tana kira a bar mata su yi zaɓe, a sa 'ya'ya mata makaranta, a daina aurar da su da ƙuruciya, a kuma daina sa talakawa aikin tilas.

Wannan bai yi wa hukumar En'e da jam'iyyar NPC mai mulki daɗi ba. An kama ta a Kano, alƙali ya ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. Masu tarihi sun ƙirga cewa sau 16 aka kai ta gidan yari. Ta sha duka a hannun 'yan banga, amma ba ta bar siyasa ba.

A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa an hana su. Sai a 1976, lokacin da aka kafa sabon tsarin ƙananan hukumomi, aka ba su wannan dama. Ke nan ta shafe fiye da shekara 25 tana nema kafin a samu. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001. Yanzu akwai babban asibiti a Zariya mai sunanta, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Mu abin da ya fi taɓa mana zuciya shi ne, ita ba ta ƙare firamare ba, amma ta yi duk wannan. Mu ga mu a sakandare. Muna roƙon iyayenmu kada su cire 'yan'uwanmu mata daga aji, domin wataƙila a cikinsu akwai kansila ko ciyaman ta Dutsi ta gobe.

Allah ya jiƙanta da rahama, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ƙaramar sakandare.