MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA DA GYAƊAR ƘASARMU

Musun wanda ya fi kowa tasiri a tarihi tsohon musu ne a tsakaninmu, tun zamanin ƙungiyar muhawara ta makaranta har zuwa taronmu na shekara-shekara. Idan maganar duniya baki ɗaya ake yi ba mu da ja, Manzon Allah (SAW) ne, kuma ko Ba'amurken nan Michael Hart da ya jera mutum 100 a littafinsa na 1978, shi ya sa a farko. Gardama takan kaure ne idan aka dawo gida, aka ce to a ƙasar Kano fa? Nan sai ka ji wani ya ce Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), mai Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake ciki har yau. Wani ya ce Sarki Ibrahim Dabo. 'Yan siyasar cikinmu ba sa wuce Malam Aminu Kano, waɗanda suka karanta aikin gona kuwa Audu Bako suke kawowa saboda madatsun ruwa.

Duk ban raina ko ɗaya ba. Amma ni ma'aunina ɗaya ne: wane ne ya sauya abin da manomin Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci yake shukawa, da abin da yake shiga aljihunsa bayan kaka? Da wannan ma'auni, sai malamanmu na Tarihi su yi mini afuwa, wanda zan gabatar bai taɓa sarauta ba, bai ja runduna ba. Falke ne, watau Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a shekarar 1877, cikin Agalawa, mutanen da aka sani da fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya kuma rasu Alhassan yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Sunan wannan baiwar Allah ne ya bi shi, ya bi zuriyarsa. Abin yakan ba ni mamaki, yadda gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Arewa yake amsa sunan tsohuwar da ta yi raino.

Ya yi karatun allo kamar kowane yaro na zamaninsa. Yana saurayi Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, kuma masu ba da tarihinsa sun ruwaito cewa yana cikin waɗanda aka kama a wannan hargitsi, sai da aka fanshe shi. Da ƙura ta lafa sai ya bi sawun iyayensa, ya kama hanyar Gwanja da Kumasi da Ankara.

A nan basirarsa ta fara bayyana. Ayarin goro na da yakan share watanni a ƙasa da jakuna, ga kuɗin fito a kowane gari, ga 'yan fashi, ga goro kuma ba ya son wahala. Alhassan yana cikin Hausawan farko da suka gane cewa jirgin ruwan Turawa zai iya ɗauko goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, sai hanya ta haɗe masa tun daga bakin teku har gida. Ya dawo Kano ya zauna, da jari a hannu, da yara masu yi masa ciniki, da sanin yadda ake hulɗa da kamfanonin Turawa.

To, a nan labarinsa ya haɗu da namu. Turawan da suka ci Kano a 1903 auduga suka sa rai jirgin nan zai riƙa kwasowa don masaƙun Ingila. Manomi bai bi su ba. Audugar da ake nomawa masaƙan gida suna saye da daraja, sa'an nan auduga ba a cin ta idan shekara ta yi gardama. Gyaɗa kuwa ta dace da jigawar ƙasarmu, ba ta bukatar ruwa mai yawa, ana haɗa ta da gero da dawa a gona guda, harawarta abincin dabbobi ce, mata kuma su fitar da mai su yi ƙuliƙuli. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai suka samu dabarar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da sabulu, saboda haka suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Ga kuma haraji, wanda a zamanin Sarki Abbas aka koma karɓa da kuɗin Turawa maimakon wuri. Dole mai gida ya nemi abin da zai sayar ya samu sule. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Sai dai Bature yana zaune ne a kantinsa kusa da tashar jirgi. Bai san hanyar ƙauye ba, bai san wa zai ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Fataken goro su suka san wannan, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, da shi Alhassan wanda daga baya ya shige gabansu duka. A 1918 Kamfanin Neja, wanda ya rikiɗe ya zama UAC a 1929, ya ɗauke shi babban mai saya masa gyaɗa. Tsarin da ya bi shi ne na fatauci da ya gada. Yakan ba yaransa kuɗi bisa amana, su bazu kasuwannin ƙauye da sikeli da buhuna, su ma su ba na ƙasa da su, har abin ya kai ga manomi tun kafin a cire gyaɗa. Idan kaka ta yi, jakuna da raƙuma, daga baya motoci, su yi ta jigila zuwa Kano. Duk wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin ranar awo a kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi, to ƙarshen wannan sarƙa ake ba shi labari, ko da ba a ambaci sunan mai ita ba.

Da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya shahara shi ne Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Dalar gyaɗa ma da shi ake danganta ta. Jirgi ba ya iya kwashe kayan da ake tarawa a kan kari, sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da su sama kamar dutsen Dala, kimanin buhu 15,000 a kowace ɗaya, a wurare irin su Ƙofar Mazugal. Mu 'yan ajinmu a hoto kawai muka gan su.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin na san akwai waɗanda za su tayar da shi a taro mai zuwa. Kuɗin da ake ba manomi kafin kaka bashi ne, kuma wanda ya ci bashi ba shi yake yanka farashi ba. Da yawa sun sayar da gyaɗarsu da araha tun tana gona. Yunwar 1914 ta zo ne shekara guda bayan wannan haɓaka, sakamakon ƙarancin ruwan damina, ta kuma nuna wa mutane cewa sule ba ya maye gurbin rumbu. Farashi kuma a Turai ake yanke shi, shi ya sa da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930 manomin Kunci ya ji a jikinsa. Shi kansa Alhassan, duk da yawan abin da yake saye, ya daɗe yana ƙarƙashin kamfanonin Turawa, su ke da ikon fitar da kaya zuwa waje. Amma muhawararmu a kan tasiri take, kuma tasiri ya ƙunshi daɗi da wuya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce take yanka farashi, tana biyan manomi ƙasa da abin da take samu a waje, rarar kuma ta shiga asusun da Gwamnatin Jihar Arewa ta yi ayyuka da shi. Hanyoyi da makarantu da asibitocin wancan zamani akwai gumin mai gyaɗa a cikinsu. Mu da muke aikin gwamnati yanzu, muna jiran kason man fetur daga Abuja kowane ƙarshen wata, ya kamata mu san cewa an yi lokacin da baitulmalin Arewa yake dogara da abin da ke fitowa daga gonakin iyayenmu.

Game da halinsa, abin da aka fi faɗa shi ne tsantseni da rashin almubazzaranci, ga kula da lissafi da kansa, ga taimakon malamai da masu niyyar aikin Hajji. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. A lokacin ana lissafa shi a cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa, musamman Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu wanda ya rasu a 2025, suka ci gaba da riƙe gidan, kuma Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Gyaɗar kuwa ta yi kusan shekara 20 tana tashe bayan rasuwarsa. Farin 1972 da 1973 ya raunana ta, cutar da ta kama ganyenta a 1975 ta gama da ita, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dala ta ɓace daga Ƙofar Mazugal. Amma ɗabi'ar noma don kasuwar nesa ta zauna a ƙasarmu. Wanda duk ya bi hanyar Katsina ya tsaya a kasuwar Dawanau zai ga ana auna riɗi da zoɓo da waken suya ana loda wa manyan motoci, dillali yana karɓar kuɗi daga attajiri yana aika yaransa ƙauye da buhu da sikeli.