Ernest Rutherford: Ɗan Manomin Da Ya Gano Cibiyar Ƙwayar Zarra

An haifi Ernest Rutherford ran 30 ga watan Agusta, 1871, kusa da garin Nelson a ƙasar Niyuzilan. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 12. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta. Cikin 1895 ya sami gurbin ƙaro ilmi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ya zauna ƙarƙashin J. J. Thomson, wanda ya gano elektron cikin 1897.

A lokacin masana sun ɗauka ƙwayar zarra dunƙule ce, elektron na warwatse a cikinta kamar gyaɗa a cikin kwaɗo. Cikin 1909, a Jami'ar Mancesta, Rutherford ya sa Geiger da Marsden su riƙa harba ƙwayoyin alfa kan fallen zinariya wanda bai kai takarda kauri ba. Galibinsu suka wuce abinsu, amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo da baya. Wannan 'yar dawowa ce ya yi ta nazari a kai, har cikin 1911 ya bayyana cewa kusan duk nauyin zarra yana tattare a wata 'yar cibiya mai cajin tarawa, su kuma elektron masu cajin ɗebewa suna can kewaye da ita. Cikin 1919 ya ba da sanarwar fitar da cibiyar haidirojin daga iskar naitirojin, wadda daga bisani aka raɗa wa suna furoton.

Yawan furoton shi ke faɗar ko wane sinadari ne. Naitirojin na da 7, fotasiyam 19. In furoton da elektron suka zo daidai, zarra ba ta da caji. Fotasiyam kuwa yana da elektron guda a can waje wanda yake saki cikin sauƙi, sai ya saura da cajin tarawa, kuma a wannan siffa ce yake narkewa cikin damshin ƙasa saiwa ta sha. Watau manomin masara na Kafur ko Malumfashi da ya zuba takin zamani bayan ruwa, da wannan ƙa'ida yake aiki.

Wani abin mamaki, Lambar Nobel da aka ba shi cikin 1908 ta ilmin haɗa sinadarai ce, tun kafin babban aikinsa na cibiya. Almajirinsa James Chadwick ya gano niyutiron cikin 1932. Rutherford ya mutu a Kambirij ran 19 ga watan Oktoba, 1937, aka binne tokarsa a Westminster Abbey, kusa da kabarin Isaac Newton.