Umaru Ganda: Leburan tashar jiragen ruwa da ya fara ɗaukar babbar kyautar fim ta Afirka

Kogin da ya ratsa ƙasar Shanga, ya wuce ta Yelwa, ya bazu ya zama tafkin Kainji a ƙasar Ngaski, shi ne dai ya ratsa birnin Yamai kafin ya shigo Najeriya. A Yawuri ana ce masa Kwara, Zabarmawa kuma suna ce masa Isa. A wannan birni na bakin kogi aka haifi Umaru Ganda a 1935, mutumin da turawan Faransa ke rubuta sunansa Oumarou Ganda.

Idan ka tsaya a kasuwar Yelwa ka tambayi matasa jarumin fim, za ka ji Ali Nuhu ko marigayi Ibro. Dattawa kuma su kawo maka Amitabh Bachchan. Da wuya ka samu wanda zai ambaci Ganda. Alhali tun a 1958, shekara 32 kafin fitowar Turmin Danya a Kano, wannan Bazabarme ya fito a fim ɗin da ya girgiza masu sana'ar a Faransa, daga baya kuma ya karɓi kyamarar da hannunsa.

Soja yana ɗan shekara 16

Ganda bai wuce firamare ba. A 1951, yana da shekara 16, ya shiga sojan Faransa. A lokacin Faransa na yaƙin riƙe mulkin mallakarta a Indochina, yankin da a yau ya ƙunshi Biyetnam da Laos da Kambodiya, kuma tana kwasar samari daga ƙasashen Afirka da take mulka tana turawa can. Ganda ya yi shekara biyu a wannan yanki. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954, shi kuma ya bar soja a 1955 ya dawo gida.

Mutanen kudancin Kebbi ba baƙin irin wannan labari ba ne. Wanda ya tashi kusa da Zuru ya san gidajen da kakanni suka je yaƙin Boma ƙarƙashin Ingila, suka dawo da lambobin yabo da labarai, amma aljihu ba nauyi. Na Faransa ma haka suka dawo. Ƙari a kan haka, a ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ke samun 'yanci, kuɗin ya tsaya cik yayin da na turawan da suka yi yaƙi tare ke ta ƙaruwa. Sai a shekarun 2000 aka fara gyara wannan.

Ganda ya nemi aiki a Nijar bai samu ba. Sai ya bi hanyar da samarin ƙasarsa ke bi, wato ci-rani zuwa gaɓar teku. Ya sauka a Abidjan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya zama lebura a tashar jiragen ruwa, yana dakon buhuna, yana kwana a unguwar Treichville inda baƙi 'yan ci-rani suka yi yawa.

Baturen da ya bi Kwara a kwale-kwale

A nan ya haɗu da Jean Rouch. Wannan Bafaranshe ya fara zuwa Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim. Tsakanin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu, Pierre Ponty da Jean Sauvy, suka bi Kwara tun daga mafarinta a Gini har inda ta faɗa teku. Hanyar tasu ta biyo ta ƙasar Yawuri da tsohuwar Busa, lokacin tsibiran Gungawa suna nan daram, babu ko maganar madatsar ruwa. Daga cikin fina-finansa na farko akwai na farautar dorina da masuntan Sorko ke yi, waɗanda dangi ne ga Sarkawan da muka sani a bakin ruwan Kebbi.

A tsakiyar shekarun 1950 Rouch na binciken 'yan Nijar da ke ci-rani a Ghana da Kwaddibuwa. Yana buƙatar wanda ya iya karatu, yake jin Faransanci da Zabarmanci, kuma leburori suka yarda da shi. Ya ɗauki Ganda aikin tattara bayanai da alƙaluma. Daga nan maganar fim ta taso.

Fim ɗin shi ne Moi, un Noir, wato Ni Baƙar Fata, wanda ya fito a 1958. Yadda aka yi shi ne abin lura. Babu rubutaccen labari irin na kamfanonin fim. Rouch ya riƙa bin Ganda da abokansa da ƙaramar kyamara, a wurin neman aikin yini, a wurin cin abinci, a bakin teku ranar hutu, a gidan rawa da dare. Kyamarar ba ta ɗaukar murya. Bayan an haɗa hotunan sai aka zaunar da Ganda a gaban makirufo, yana kallon kansa a majigi yana faɗar abin da ya zo masa a rai. Wannan murya ita ce ran fim ɗin. Yana ba'a, yana ƙorafi, yana yi wa kansa faɗa, yana mafarkin mota da gida da mace.

Samarin kowa ya ɗauki sunan wani tauraron sinima, kamar yadda yaranmu ke kiran kansu Ronaldo ko Messi a filin ƙwallo. Ganda shi ne Edward G. Robinson, sunan wani jarumin Amurka da ya yi fice a fina-finan 'yan daba. Abokinsa shi ne Eddie Constantine, wani kuma Tarzan, budurwar da yake so ita ce Dorothy Lamour. A mafarkinsa har zakaran dambe ya zama, irin Sugar Ray Robinson. A zahiri kuwa wani Bature ɗan Italiya mai aikin jirgin ruwa ne ya kwana a ɗakin budurwar, da gari ya waye suka yi dambe a cikin taɓo, Baturen ya yi masa duka.

Ƙarshen fim ɗin ya fi komai tsayawa a rai. Ganda na tafiya a bakin ruwan Abidjan tare da wani ƙaramin abokinsa, yana tuna yarintarsa da wanka a kogi a Yamai, sai kuma ya koma Indochina. Ya faɗi ƙasa yana rarrafe, yana kwaikwayon jifa da gurneti, yana nuna yadda ake kisa da yadda ake mutuwa, sannan ya miƙe ya ci gaba da tafiya a matsayin lebura wanda bai tsira da komai ba. Babu daraktan da ya koya masa wannan. Abin da ya gani da idonsa ne.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim na Faransa. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin mai sharhin fina-finai ne, ya yabe shi ƙwarai, kuma masana na lissafa fim ɗin cikin waɗanda suka share wa sabon salon fim na matasan Faransa hanya a farkon shekarun 1960.

Sai dai sunan da ya tafi duniya na Rouch ne. Rayuwar ta Ganda ce, muryar tasa ce, kalmomin nasa ne, amma wanda ya riƙe kyamara ya kuma zaɓi abin da za a yanke da abin da za a bari shi ne mai fim. Daga baya Ganda bai ɓoye cewa akwai abubuwan da ba su kwanta masa ba a yadda aka nuna shi. Ba shi kaɗai ba. A 1965 Usman Sembene na Senegal ya gaya wa Rouch baki da baki cewa masu binciken Turai na kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. A ganina adalci shi ne a ce Rouch ya buɗe ƙofa, kuma ya fi yawancin turawan zamaninsa kunnen saurare, amma ɗakin nasa ne.

Ya karɓi kyamara

Ganda ya koma Yamai ya shiga cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda akwai ƙungiyar masu koyon aikin fim. Ya yi aiki a matsayin mataimakin mai kula da na'urori, ya koyi kyamara da haɗa hoto. A daidai zamanin da Indiya da Masar da Meziko ke da manyan kamfanoni masu fitar da fina-finai barkatai duk shekara, abin da Nijar ke da shi ke nan: ɗaki guda, 'yan na'urori, da samari masu zuciya irin su Mustafa Alhasan da Jingarai Maiga.

A 1968 aka yi gasar rubuta labarin fim, Ganda ya rubuta Cabascabo. Shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin jarumi, kuma da Zabarmanci aka yi shi, baƙi da fari, tsawon kimanin minti 45. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indochina da kuɗin sallama. Abokai suka yi masa caa, maroƙa suka wasa shi, mata suka kewaye shi, shi kuma yana ta rabo kamar ba gobe. Da kuɗi suka ƙare kowa ya watse. Ya nemi aikin da ya dace da tsohon soja bai samu ba, daga ƙarshe ya kama hanyar gona.

Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ci-rani ya dawo daga Legas ko Libiya, ko wanda ya samu sa'a a ramin zinare ya ƙarar da kuɗin cikin wata biyu, ya san Cabascabo ko da bai taɓa kallonsa ba. Wannan shi ne yaƙin Indochina ɗin da aka ba wa mintuna kaɗan a ƙarshen fim ɗin Rouch, yanzu mai shi ya ba da shi yadda yake so, ya kuma haɗa da laifin 'yan gida da na shi kansa sojan. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa a 1969, ya kuma samu lambar yabo a bikin fina-finai na Mosko a wannan shekara.

Shekarar 1968 ɗin nan ita ce aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka, aka tayar da mutum sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Yawancin abin da aka adana game da wannan tashi yana cikin rahotannin injiniyoyi da masu bincike. Sauran yana bakin tsofaffin Gungawa da Kambari da Lopawa, waɗanda kullum suna raguwa. A sama da mu a kogi ɗaya, a shekara ɗaya, wani tsohon lebura ya samu hanyar ajiye nasa labarin da harshen uwarsa.

Alhazai da malamai

Bayan soja sai ya juyo kan masu rawani da masu carbi. Le Wazzou polygame, wanda ya yi a 1970, labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido kan Satu, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi mai suna Garba alkawarinta. Kuɗi suka yi aiki, iyaye suka ba Alhaji. Matarsa ta biyu ta ƙudiri kashe amarya, amma cikin duhu ta kashe ƙawar amarya. Satu ta gudu birni, ta ƙare a zaman kanta. Kalmar wazzou ɗin nan 'yar'uwar kalmarmu ce ta wa'azi.

Zalika Sule ce ta fito a matsayin kishiyar. Ita ma ta biya farashi, domin 'yan kallo da yawa ba su bambanta wasa da gaskiya ba, suka riƙa yi mata kallon muguwar mace a gari. 'Yan matan Kannywood na yau za su gane wannan.

A 1972 bikin fina-finan Afirka na FESPACO, wanda aka fara a Wagadugu a 1969, ya ƙirƙiro babbar kyautarsa, Ingarman Yennenga. Fim ɗin Ganda ne ya fara ɗaukar ta.

A wannan shekara ya yi Saïtane, wato Shaiɗan, kan wani malamin tsibbu da ke yi wa wani attajiri kawalcin matar aure. Fitar da irin wannan labari a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne ba ƙaramar ƙarfin hali ba ce, kuma abin da ya sa gaba shi ne masu cin abinci da rigar addini. A 1976 ya sake aiki da Rouch, ya fito a Babatu, fim kan zamanin mayaƙin Zabarmawan nan da ya yi yaƙe-yaƙe a ƙasar Gurunsi, arewacin Ghana ta yau. Fim ɗinsa na ƙarshe mai labari, L'Exilé na 1980, daga tatsuniya ya samo shi: wani jakada da ke gudun hijira a Turai yana ba da labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka ce sun yarda a sare kawunansu in dai za a ba su 'ya'yan sarki, sarki kuwa ya ji, ya kama su da maganarsu.

Me ya sa ba mu san shi ba? Harshe na ciki, amma babban dalilin kasuwa ce. A ƙasashen da Faransa ta mulka, kamfanoni biyu na turawa, COMACICO da SECMA, su ne suka daɗe suna riƙe da gidajen sinima da rarraba fina-finai, kuma ribarsu na cikin tsofaffin fina-finan waje masu araha. Wankin fim da haɗa shi ma sai an kai Faransa. A arewacin Najeriya kuma 'yan kasuwar Labanan ne ke da yawancin sinimomi, suna kawo na Indiya da na kaboyi da na 'yan kunfu. Sai ya zama fim ɗin da aka ɗauka a Yamai ya fi saurin isa Faris da Mosko a kan ya isa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ko Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976, mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa kallonsa?

Umaru Ganda ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairun 1981 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45. Babbar cibiyar al'adu ta birnin, wadda mutanen Yamai ke kira CCOG, sunansa take ɗauke da shi. FESPACO ma ta sa wa kyautar da take ba daraktan da ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko sunan Ganda. Rouch kuwa ya rayu shekara 23 bayansa, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai.