Nana Asma'u 'Yar Shehu: Matar Da Damuwa Ba Ta Kayar Ba

A ajinmu na matan aure, sau da yawa nakan ga ɗaliba ta buɗe littafi amma hankalinta yana gida: cefane, kuɗin makarantar yara, maganar da kishiya ta yaɓa mata da safe. Wata har hawan jini ya kama ta. Shi ya sa na ɗauko mana tarihin wata uwa tamu da ta ga tashin hankalin da ya fi namu, amma bai hana ta aiki ba.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, kuma 'yan biyu ne ita da Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, lokacin da Yunfa, Sarkin Gobir, ya matsa wa jama'ar Shehu. Daga nan sai yaƙi da yunwa da sauya masauki. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai jama'a sun rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Sai a 1808 aka ci Alƙalawa, hankali ya ɗan kwanta. A cikin wannan hali ta girma, ta yi karatu, aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Muhammadu Bello.

A 1817 mahaifinta ya rasu. To, me ta yi? Ba ta naɗe hannu ba. Ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su, don kada su salwanta. Mutuwa ba ta da magani, amma littafi ana iya tsare shi daga gara da ruwan sama, sai ta kai ƙarfinta can.

Kada ki ɗauka ba ta jin zafi. Tana ji ƙwarai. Da yayanta Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno a 1837 ta rubuta masa marsiyya, haka ta yi wa mijinta, haka ta yi wa aminiyarta A'isha. Takan zuba baƙin cikinta a takarda, ta ambaci kyawawan halayen mamacin don na baya su koya, ta miƙa lamari ga Allah, sannan ta koma bakin aiki. Wato ta ba baƙin ciki wurinsa, amma ba ta ba shi gidan duka ba.

Ba kanta kaɗai ta duba ba. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu da matan da aka raba da garuruwansu, kuma da yawa idan zuciya ta ƙuntata sai su nufi wurin 'yan bori. Asma'u ba ta tsaya ga zargi ba, ta nema musu madadi. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa kowacce jaji, ta sa mata malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin da ta tsara da Fulatanci da Hausa kan tauhidi, salla da tarihin Manzo (SAW), su koma su koyar da matan da ke cikin gida. Su ne masu jinyar marasa lafiya da wankan gawar mata. Matar da a da take kwana tana saƙe-saƙe, yanzu tana da hadda a baki da aiki a hannu.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru.

'Yar uwa, ƙarfin zuciya kamar ruwan randa ne, abin da kika zubar a ƙasa ba za ki dafa tuwo da shi ba. Idan damuwa ta zo miki da dare, ki raba ta biyu. Abin da ya fi ƙarfinki, ki kai shi gaban Allah a sujada ki bar shi can. Abin da hannunki zai iya, ko karatun shafi ɗaya ne, ko 'yar sana'a, ko zuwa asibiti a auna jininki, ki tashi da shi da safe. Idan kuma ta hana ki barci da cin abinci, ki gaya wa wadda kika amince da ita, ki ga likita, ba gazawar imani ba ce.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya yaye mana abin da ya dame mu, amin.