Nana Asma'u

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793 – 1864) malama ce, marubuciya, kuma jagorar ilimin mata a Daular Sakkwato. An fi saninta da kafa ƙungiyar 'Yan Taru, wadda ta kai karatun addini ga matan karkara, musamman a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi.

Farkon rayuwa

An haife ta a Dagel, a ƙasar Gobir ta wancan lokaci. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Ta tashi a gidan da mata ke karatu kamar maza, domin Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Wannan ra'ayi bai yi wa kowa daɗi ba. Tun kafin a haife ta, wani malami, Mustafa Goni, ya soki Shehu saboda barin mata su halarci wa'azinsa, har ƙaninsa Abdullahi ya mayar da martani a rubuce.

Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Gobir da 'Yan Taru

A 1808 dakarun jihadi suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa ke kusa da Sabon Birni na yau. Rikici bai ƙare ba, domin a 1836 an sake gwabzawa a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali. Yaƙe-yaƙen sun kawo mata da yawa cikin daular, ciki har da kamammu, waɗanda suka saba da bori.

A sarautar Gobir akwai muƙamin Inna, 'yar gidan sarauta da ke shugabantar 'yan bori, kuma mata ke kai mata kukansu. Asma'u ta fahimci cewa hana bori kaɗai ba zai wadatar ba, sai an ba matan wata jagora da za su amince da ita. Saboda haka, a wajejen ƙarshen shekarun 1830, ta fara naɗa dattijan mata a matsayin jaji. Takan ba kowace malfa da jan rawani, irin alamar girma da aka san Inna da ita. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙinta, su koma su koyar da matan aure da ke cikin gidaje.

Rubuce-rubuce

Fiye da ayyukanta 60 ne suka wanzu. Daga ciki akwai Tanbihul Gafilina da Waƙar Gewaye, wadda ta ba da tarihin jihadi. Ta fassara wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ta kuma yi marsiyya ga manyan daula da matan da ba su da wata sarauta.

Yadda aka karɓe ta

Bello ya riƙa dogaro da iliminta, malamai maza na nesa kuma suna musayar wasiƙu da ita. Jama'a sun yi mata laƙabi da Uwar Gari. Ba ta riƙe sarauta ba, amma ta yi magana a kan mulki, tana gargaɗin masu iko game da zalunci da cin dukiyar talakawa.

Rasuwa da abin da ta bari

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. A 1989 Jean Boyd ta wallafa tarihinta da Turanci, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi ɗaya. A yau makarantu da dama a arewacin Najeriya na ɗauke da sunanta, kuma masu fafutukar karatun 'ya'ya mata kan kafa hujja da rayuwarta idan aka ce ilimin mace baƙon abu ne a ƙasar Hausa.