Marcus Garvey, mutumin da ya sama wa baƙar fata tuta

An haifi Marcus Garvey a Jamaika a 1887. Sana'ar ɗab'i ya fara koya, kafin ya kafa ƙungiyar UNIA a 1914 domin haɗa kan baƙar fatar da cinikin bayi ya warwatsa. A taronta na Agustan 1920 a New York aka amince da tuta guda mai launin ja, baƙi da kore, wato jini, fata da albarkar ƙasar Afirka.

Kasuwanci kam bai karɓe shi ba. Kamfaninsa na jiragen ruwa, Black Star Line, ya durƙushe, aka ɗaure shi bisa laifin zamba, sannan Amurka ta kore shi a 1927. Ya rasu a Landan a 1940, bai taɓa taka Afirka ba. Daga sunan kamfanin nasa Ghana ta ɗauko baƙin tauraron tutarta.